Gidajen Ya Hamsatu Masu Rufi

Ya Hamsatu ba ta da firji, amma rabin firjin unguwarmu Nassarawo aikinta ne manne a ƙofarsu. In an tsokane ta takan ce mai ɗinkin hula ma kansa ɗaya ne.

Daga Bama ta iso Jimeta a 2014, da zanen jikinta da ƙafafu a kumbure. Ta yi wankau, ta yi tallan ƙosai, kafin ta faɗa wannan sana'a. Takan kwaɓa garin katako da gam, ta gina ɗan gida kamar akwatin ashana, ta shanya, ta yi masa fenti, ta manna maganaɗisu a bayansa. Silas mai gyaran rediyo ke ciro mata maganaɗisun daga matattun lasifika. Nata gidan ta fara yi, mai shuɗiyar ƙofa da darbejiya a gefe. Daga nan 'yan Bama suka yi ta zuwa, kowa na kwatanta nasa. Har gardama take da su: "Ƙofarku koriya ce, Garbai, kai ne ka manta!"

Burinta ɗaya, shago. Shekara da shekaru a bakin titi take kasa kaya, ruwan sama ya kore ta, masu tashin 'yan tebur su kore ta.

Bara sai ga Madam Hilda, ma'aikaciyar wata ƙungiyar agaji. Gida ɗari biyu take so don baje koli a Abuja, ƙungiya kuma za ta kama wa Ya Hamsatu shago a kasuwa. Ina zaune a wurin, har na fara guɗa.

"Mama, aikinka yana da kyau," in ji Madam da Hausarta ta 'yan koyo. "Amma ka cire rufin, ka shafa baƙi a bango kamar wuta ya ci. Baƙi su gani, su san abin da ya same ku."

Wallahi ni ce na ƙyafta mata ido ta karɓa, kuma har yau ina jin kunyar hakan. Na san yadda damina ke yi mata.

Ya Hamsatu ta ajiye burushi, ta goge hannu a zane.

"'Yata, waɗanda suka ƙona gidana sau ɗaya suka ƙona. Ke kina so in zauna da hannuna in ƙona shi sau ɗari biyu?"

Madam ta ce ba haka take nufi ba, kuma na yarda da ita. Ta ce a yi ko rabi. Ya Hamsatu ta ce ko ɗaya.

Shagon wata aka bai wa. Ya Hamsatu tana nan bakin titi, da leda a shirye saboda hadari. Ranar da ta ƙi tayin na yi mata faɗa har muryata ta dishe, ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ɗora wa gidan wata tsohuwa rufin kwano.