Sha Shida da Ɗari da Arba'in

Shekarun baya can, muna zaune a unguwar Harra ta Gabas a ƙasa mai tsarki, wata ƙawar mahaifiyata ta zo Umra daga Chadi ta sauka a gidanmu. Su biyun suna da hawan jini, kuma kun san tsofaffi da hirar ciwo.

Suna shan shayi baƙuwar ta ce, "Ni nawa har sha shida ya kai. Likita ya ce in ya ƙaru sai kwanciya asibiti."

Mahaifiyata ta ajiye kofi. "Sha shida? Ni fa ɗari da arba'in aka ce mini."

Baƙuwar ta dafe ƙirji ta yi salati. "Kuma kike tafiya da ƙafarki, Hajiya?"

Shi ke nan. Kafin in dawo daga aiki a filin jirgi, mahaifiyata ta kwanta, ta ƙi abinci, ta sa ana buga wa dangi waya Makka da Jidda tana neman gafara. Wai mun haɗa baki da likita mun ɓoye mata.

Na ce, "Inna, awo ɗaya ne. Su can da santimita suke faɗa, mu nan da milimita. Sha shidanta ɗari da sittin ke nan, sifili kawai za a ƙara. Naki a wurinsu sha huɗu ne."

"Santimita? Jinina yadi ne da tela zai auna? Kuma yaushe sifili ya zama wani abu?"

Na yi da Hausa, na koma Larabci, na sake dawowa Hausa, har muryata ta fara tashi. Ta ce, "Khalas ya waladi, ya isa haka ɗana, ina kan gargara kana yi mini tsawa." Da na ji baƙuwar tana ba ta shawarar ta ninka maganinta, sai na ɗauko makullin mota. Na kwashe su a mota sai saidaliyyar unguwarmu, inda mahaifiyata take sayen magani.

Aka auna mahaifiyata, ɗari da hamsin, tsoro ya ƙara kama ta. Aka auna baƙuwar, ɗari da saba'in. Matar nan ta sulale kan kujera. "Daga sha shida? Na shiga uku!"

Sai ga mahaifiyata ta miƙe garau, ta gyara abayarta, ta dafa ta. "Haba, kwantar da hankalinki, ai sifili kawai suke ƙarawa a ƙasar nan." Ta juyo ta harare ni. "Kai kuma kana tsaye, ba za ka yi mata bayani ba?"

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɗan sosu. Amma na gane cewa wanda ya tsorata ba ya jin lissafi, sai an kai shi ya gani da idonsa. Yanzu ni ma ina shan maganin, kuma duk wanda ya tambaye ni nawa jinina ya kai, sai na fara tambayarsa daga wace ƙasa ya zo.