Ya Kellu, Wadda Ta Ajiye Muciya Saboda Kandili Bakwai

Duk wanda ya yi sammako a Gure ya san ta. Ana idar da sallar asuba za ka hangi wata doguwar tsohuwa da kwando a ka, tana tsintar abin da kowa ya taka ya wuce: ƙwallon goruba, busasshiyar kaba, kara, kashin shanu. Wannan ita ce Ya Kellu mai girkin biki. Fiye da shekara hamsin tana tuƙa tuwon suna da na aure a garin nan, bana gwiwa ta ce ta gaji. Kafin ta zauna, bari a faɗi abin da Habsu ta gani da idonta.

A 1993 ne Habsu ta haifi ɗanta na fari. Mijinta Muhammadu yana da lambun gado a wani kwari bayan gari, dabino da rijiya da albasa, tudun rairayi ya yi masa rumfa ta gabas. A bakin tudun akwai itatuwan kandili goma sha biyu da mahaifinsa ya bari. To a unguwarsu, girman suna ba a rago ake auna shi ba, a tarin itacen ƙofar gida ne. Wanda tarinsa ya kai katanga, shi ne namiji.

Saura kwana uku suna, Habsu tana ɗaki tana shan kunun kanwa, ta ji ana jibge kaya a ƙofar gida har ƙasa na amsawa. Daidai lokacin Ya Kellu ta shigo da laka a kwano za ta gina murhu. Ta tsaya. Ta ɗauki reshe guda ta shinshina.

"Muhammadu, daga ina wannan?"

"Daga tudun lambu, Ya Kellu. Ɗan Talata mai gatari na sa ya sare. Biyar sun faɗi, saura bakwai."

"Innalillahi! Ɗanye sharaf! Wannan ko wuta ba zai ci ba, sai dai ya sa mu hawaye."

"Ai ba na ƙonawa ba ne, na gani ne. Na girki a kasuwa za a saya."

Sai Habsu ta ji ƙarar da ba a taɓa ji ba a Gure: muciyar Ya Kellu ta faɗi ƙasa. Matan da ke surfe suka tsaya da taɓarya a sama. Matar da ta taɓa tuƙa tuwo da zazzaɓi a jikinta, yau ita ce ke cewa ba ta yi?

"Ni na tuƙa tuwon sunanka, ɗan nan, kana tsala kuka kamar ɗan akuya. Ubanka bai sare ko sanda ba. Itatuwan nan su ke riƙe da ƙafar tudu. Ka sare su, rairayi zai sauko ya ci lambunka, jaririn nan ya tashi ba gado."

"Haba Ya Kellu, so kike a ce na kasa?"

"In kana son in taɓa tukunya, ka je ka tsayar da gatari yanzu. Kuma kada ka sayo ko tsinke. Da abin da ke kwandona zan ciyar da jama'arka. In azahar ta yi ranar suna akwai wanda bai ci ba, ka sare sauran, ni kuma na bar girki har abada."

Habsu ta ɗaga labule, abin da mai jego ba ta cika yi ba. "Malam, don Allah ka je."

Ya je yana huci. Ya tarar Ɗan Talata ya kafa wa na shida gatari sau biyu. Tabon yana nan har yau.

Ranar suna mata suka cika gidan, rabinsu kallon faɗuwa suka zo. Ya Kellu ta riga ta gina murhu uku na laka da ƙaiƙayi, kowanne ya rungume tukunya har wuya, bakinsa ya ba iska baya. Wake tun jiya yake jiƙe. Tukunya na tafasa sai ta janye wutar, ta danne murfi da dutse, ta lulluɓe ta da buhu da toka mai zafi, ta koma kan wata.

Yabawa, yayar Muhammadu, ta riƙe haɓa. "Yau na ga abin mamaki, girki ba wuta! Ko aljanu ne za su ƙarasa?"

"Su ma sun fi ki tattali," in ji Ya Kellu.

Muhammadu sai duba montur, agogon hannunsa, yake yi. Kafin ladan ya kira azahar an cinye tuwo, an kai wa maƙwabta, kuma a gindin kwandon akwai sauran goruba. Yabawa ta leƙa ta sake leƙawa.

Amma babban firgicin sai bayan shekara uku. Wata safiya Habsu ta bi mijinta lambu, suna hawa tudu ta ƙame. Ta daidai gurbin itatuwa biyar ɗin nan rairayi ya kwararo kamar an buɗe masa ƙofa. Fangalin albasa babu. Rijiyar gabas babu ko alamarta. Dabinon da Muhammadu ke ɗaura igiya ya hau, rairayi ya kai masa wuya, har Habsu ta miƙa hannu daga tsaye ta tsinko 'ya'yansa. Ta waiwaya. Ƙarƙashin kandili bakwai kuwa lambu na nan kore shar, ko ganye bai yi ciwon kai ba.

Muhammadu ya zauna daɓas. "Da na sare su duka fa?"

Ya Kellu, ke ce kika ga wannan rana tun tana nesa. Ke ce mai kashe garwashi da rairayi don gobe, mai zuba ruwan wanke-wanke a gindin dashe, mai shanya ƙanzo kada ya tafi juji. An kira ki marowaciya, kin ji kin ƙi tankawa. Tukunya uwar gayya, kin ciyar da gari ba ki cinye dajinsa ba. Ba wanda ya taɓa ba ki takardar yabo, to ga tamu.

Yanzu Habsu ce ke gina murhun laka gida gida, Muhammadu kuma ya kafa shingen kaba a gurbin ya dasa sababbi. Mun gode, Ya Kellu, Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa ki gama lafiya. Ku kuma masu shirin biki, kafin ku kira mai gatari, ku bi ta kwarin nan ku ga dabinon da ake tsinka daga tsaye. Yaron da aka yi wa sunan, in ka tambaye shi lambun wa ne, cewa yake yi: "Rabi na rairayi, rabi Ya Kellu ta bar mini."