Ranar da Na Kasa Cewa Ɗana Ne

Farkon damina ne, shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula. Ruwa ya sauka da wuri, kwatocin Gyaɗi-Gyaɗi suka cika, hotunan 'yan takara da aka manna a bangon gidanmu suka jiƙe suna saɓulowa. Shekarar jira ce. Kowa a layinmu yana sauraron abin da aka ce zai zo, ni kuwa takun babban ɗana kawai nake saurare idan magariba ta yi.

Shi ne na fari, kuma sunan mahaifina aka sa masa, sai kunyar ta zama biyu. Ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Shi kuma Yaya yake ce mini, don a hannun kakarsa ya tashi, sai da ta rasu ya dawo wurina. Bayan rasuwar babansu ya bar makaranta. Lokacin neman ƙuri'a ya shiga cikin samarin da ake ɗiba a bayan mota da gorori. Da aka gama zaɓe aka daina zuwa ɗibarsu, sai suka koma zaman bakin titi, yana dawowa ido jajir. Ni ba mai faɗa ba ce. Sai dai in tura masa tuwo ta hannun ƙanwarsa.

Akwai wani dattijo a Tarauni da ya yi ritaya daga aikin wutar lantarki, kowa Malam yake ce masa. Tun bazara ya ajiye benci biyu a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya bi majalisun samari da ƙafarsa yana cewa mai son koyon haɗa waya da gyaran fanka ya zo. Ba ya karɓar komai, har kokon safe matarsa ke dama musu. Mutane suka ce takara zai tsaya, bai tsaya ba. Cikin samarin bencin nan, yau akwai masu shagon kansu a Unguwa Uku.

Yaron nan ma ya shiga cikinsu, ya faɗa wa ƙanwarsa don kokon yake zuwa. Amma ya fara kwana da wuri. Wata rana ya kwance makunnin fitilar ɗakina da ya shekara biyu yana tartsatsi, ya gyara. Ban ce sannu ba. Miya na ƙara masa.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar aka yi sallama. Na sa mayafi na tsaya a bakin soro. Malam ne, da yaron nan a bayansa, da wani mutumin kudu mai riƙe da takarda. Malam ya ce ɗan kwangila ne, ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa, yanzu yana sa wa gidaje wuta a Hotoro, kuma yana neman yaro ɗaya. Tunda aikin na shiga ɗakunan mutane ne, ba ya ɗaukar kowa sai iyaye sun tsaya masa.

Mutumin ya gaishe ni da Hausarsa mai kyau, ya ce, "Mama, ɗanki ne?"

Na ja mayafi. "Yaron gidan nan ne."

"To. Yaya sunansa?"

"Ai Malam ya sani."

Ya yi 'yar dariya. "Malam ya sani, ni ma na sani. A bakinki nake so in ji. Yana da gaskiya? In na bar shi shi kaɗai a ɗakin mutane, zan iya tafiya hankali kwance?"

Na san amsar. Ko a kwanakin gora bai taɓa ɗaukar mini allura ba. Amma in tsaya a soro, gaban maza, ina yabon ɗan fari? Abin da aka koya mini shi ya fito.

Na ce, "Allah ne ya san halin bawansa."

Malam ya yi sauri ya ce, "Ɗan fari ne, ka gane. A wurinmu uwa ba ta ambatonsa. Kunya ce kawai."

"Na ji, Baba. In baki ya yi nauyi, ga takarda. Yaron ya ce mini ta yi yaƙi da jahilci, har maƙwabta take rubuta wa wasiƙa."

Ashe ya faɗa. Ashe yana alfahari da abin a waje. Na dubi wurin da za a sa sunan, sunan mahaifina, sai na ji kaina ina cewa, "Ban iya sosai ba."

Mutumin ya daina murmushi. Ya ce, "An gaya mini ya taɓa riƙe gora, ban damu ba, ni ma na yi ƙuruciya. Amma tambaya nawa na yi wa uwarsa, ba ta ce mini eh ko ɗaya ba. Gobe ƙarfe bakwai ina ƙofar gidanka, Baba. Ka shirya mini wani."

Ya fita. Malam ya ajiye takardar a kan dakali, ya ce, "Baiwar Allah, wata uku ke nan yaron nan shi ke fara zuwa, shi ke share wurin. Sai an jima."

Muka rage mu biyu. Bai ɗago kai ba, ya ce, "Yaya, wasiƙar matar gidan baya, wa ya rubuta mata jiya?"

Na sunkuya na ɗauki takardar.

"Ba komai," in ji shi. Ya fita, ya bi ta wajen titi, inda tsofaffin abokansa suke zama.

Ina komawa ciki matar gidan bayan ta leƙo ta katanga, duk ta ji. Ta ce, "Kin yi daidai, 'yar'uwa. So yake ki tsaya kina yi wa ɗan fari kirari kamar maroƙiya? Ai da mun sa ki a waƙa ranar biki." Ta yi dariya, ni ma na taya ta. Har yau in na tuna ranar, dariyar nan ta fi komai ci mini rai.

Ina tuƙa tuwo ina tunanin Malam. Bai haɗa komai da mu ba, amma ya bi yaron nan har bakin titi, ya ciyar da shi, ya je ya roƙi wanda ya taɓa zama yaronsa saboda shi. Ni da na haife shi na kasa cewa eh. Ba na zagin kunyar da uwata ta koya mini. Sai dai na gane abin da ya rufe mini baki a soron nan bai wuce tsoron abin da matan layi za su ce ba.

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗauko biro a jakar ƙanwarsa. Na rubuta sunan, harafi bayan harafi, yadda malamarmu ta koya mana. A ƙasa na sa: ɗana ne, ba ya ɗaukar abin kowa, ni na tsaya masa.

Na same shi kwance a shagon soro, ko takalmi bai cire ba. Na tsaya a ƙofa na kira sunansa. Sai a na biyu ya tashi zaune, yana leƙa bayana don ya ga wa ya yi kiran. Na ce ya wanke fuska.

Muka taka har Tarauni, yana gaba ina baya. Akori-kurar mutumin tana tsaye, samari sun cika bencin, Malam bai shirya kowa ba. Na miƙa takardar, sannan na maimaita abin da ke ciki da bakina, kowa yana ji. Mutumin ya karanta, ya ninke, ya ce wa yaron, "Hau baya."

Na juyo gida ban shiga na gaida matar Malam ba, don ban san inda zan sa fuskata ba.