Hannayen Maƙerin da Suka Gudu

A Tibiri na tashi, a ɗakin Kaka Hajo. Da an sauke tuwo sai mu kewaye murhu tun bai huce ba, ita kuma ta miƙe ƙafafu ta ce, "To 'yan banza, ku matso, tatsuniya ta zo." Lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, abin da na sani yawanci daga bakinta ne.

Akwai wadda take yawan maimaitawa. Wai yaƙi ya ci garin wani maƙeri, ya gudo wani ƙauye. Aka karɓe shi, aka ba shi ɗaki da tuwo, amma aka hana shi taɓa ko tsinke, don abin kunya ne baƙo ya yi aiki. Yana ci yana ramewa. Wata safiya ya farka, hannayensa sun tsinke sun bar shi, an gan su bakin gari suna neman maƙera.

Mu dai dariya muke. Na ce, "Kaka, ba ya ƙoshi ba?"

Ta ce, "Kai da ciki kake tunani, kamar ubanka."

Bara 'yan bindiga suka koro mutane daga Zamfara. Wani Malam Isa, sa'ana, ya sauka wurina a Maraɗi. Na yi masa yadda aka saba, ya ci ya kwanta. Mutum ya daina magana, sai kallon bango. Ran nan ya ce, "Maigida, ka ba ni ko shara ce. Zaman nan kashe ni yake."

Na kai shi 'yar gonata ta zogale a Jiratawa, ya kama ban ruwa. Kafin wata ya kewayo ya yi kumatu, har tsokanar maƙwabta yake.

To amma aikin na ɗana Lawali ne, kuma gonar ba ta ɗaukar mutum biyu. Na ce ai yaro ne, zai samu wani. Bai samu ba. Yanzu yana Sabon Gari, daga wannan fadar samari zuwa waccan, shayi kawai. Shi ma ya fara kallon bango, in na yi magana sai ya ce, "To, Baba."

Ban san ko daidai na yi ba, wallahi. In na karɓe na ba ɗana, na san abin da zai sami Isa. Kaka ta koya mana kada a hana baƙo aiki, ta mutu ba ta gaya mana hannun wa za a bari ya gudu ba.