Finjalin da Na Ƙi Girgizawa

Ni fa tun farko ban ga abin sha'awa a hutun jirgin ruwa ba. A ɗauki mutum a zuba shi a gidan bene mai yawo a kan teku, ya ci, ya kwanta, ya tashi ya sake ci, wai shi ne hutu! Da babbar 'yata ta zo min da maganar bayan na ajiye aikin koyarwa, cewa na yi ta rabu da ni. Sai ta shiga karanto min garuruwan da jirgin zai tsaya. Tana ambaton Jidda na kasa kunne. Ja'ira, ta san abin da take yi.

A Jidda aka haife ni, a wani lungu na Bagdadiyya, a gidan haya mai ɗaki biyu. Mu biyu ne wurin iyayenmu, ni da Yayana. Babanmu dako yake yi a tashar jiragen ruwa, ranakun biki kuma a ɗauke shi zuba gahawa a gidajen Larabawa. Ina 'yar firamare ya rasu. Innarmu ta ce zama ya ƙare, ta tattara ni muka koma Kano. Yaya lokacin ya zama saurayi, yana koyon aiki a gareji, ya ce shi bai san kowa a Kano ba, babu inda za shi. Rabuwarmu ke nan, shekara arba'in da ɗoriya.

Na taɓa zuwa aikin Hajji a tsakani. Ya yi min alkawari zai zo ya same ni a Makka. Na yi ta zaman ƙofar masauki ina leƙen kowane baƙin mutum mai tsayi, har aka kwashe mu zuwa filin jirgi bai zo ba, bai kuma ce min ga dalili ba. Na ƙullace shi, ba zan ɓoye ba. Daga nan wayarmu ta koma ta Sallah zuwa Sallah, a gaisa, a tambayi iyali, a kashe. Ko rasuwar Inna a waya muka yi wa juna gaisuwa, kamar maƙwabta. Abin da ke cin raina shi ne, ban sani ba ko har yanzu ina da ɗan'uwa a garin nan, ko kuwa sai wani dattijo da muke da uba ɗaya a takarda.

Yini guda kacal jirgin zai yi a Jidda, kuma an ja mana kunne cewa ba ya jiran kowa. 'Yata ta kira kawun nata. Ya ce ranar da jirgi ya shigo ita ce ranar da ba ya iya motsawa daga wurin aiki, kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ba zai bari ba. Ashe yanzu sana'ar Baba ya gada, yana zuba gahawa a wani sansani cikin sahara inda ake kai baƙin jirgi yawon buɗe ido. Yarinyar nan ba ta yi shawara da ni ba, ta sa sunanmu cikin masu zuwa can. Na yi faɗa kamar zan ari baki. Ni ce sai na bi layin 'yan yawon buɗe ido kafin in ga wanda muka sha nono ɗaya? Ta ce, "Umma, ko dai haka, ko ki yini a jirgi kina kallon ruwa." Na ɗauki mayafina.

Da safe muka sauka a tashar. Na tsaya ina neman wurin da na sani, ban gan shi ba. A da can, bakin ƙofar nan muke tsayawa ni da Yaya da kwanon abincin Baba, mu hango shi ya taho da tsumma a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga. Yanzu sai manyan ƙarafa masu ɗaga kwantena, ba ɗan dako ko ɗaya. Warin ne kawai bai canja ba, gishiri da man jirgi da wannan zafi mai danƙo da ke manne wa mutum a wuya. Ina shaƙarsa idona ya cika. A cikin bas na yi ta leƙe ko zan gane wani titi, ban gane ba. Na dai ga allon da ke nuna hanyar Kurayyat, inda aka ce Yaya yake zaune da iyalinsa, muka wuce shi da gudu.

Da gari ya ƙare aka sauya mana motoci, aka ce za a hau tudun yashi. Tabɗi! Direban nan ya ɗauke mu sama ya sako mu a karkace, yashi na watsuwa a gilashi. Turawan da ke bayanmu suna ihun daɗi, ni kuwa salati nake yi ina riƙe da cinyar 'yata, ita kuma dariya har da hawaye. Na ce masa, "Bawan Allah, ni tsohuwa ce, ba buhun shinkafa ba!" Bai ji Hausa ba, ya ƙara wuta. Da la'asar sakaliya aka sauke mu a sansanin. Baƙar rumfa ce ta gashi, an shimfiɗa jajayen dardumai, ga matasai, ga raƙuma a durƙushe can gefe. Kafin in ga kowa ƙamshin gahawa ya riske ni.

Wannan ƙamshi shi ne gidanmu. Idan Baba ba shi da aiki, sai ya zuba ruwa a dalla, butar gahawar nan mai dogon baki, ya zaunar da mu yana koya mana. Buta a hannun hagu, finjali, ɗan ƙaramin kofin shan, a dama. Kaɗan ake zubawa, iya kurɓa biyu, domin cika wa baƙo finjali kora ce. Mai zubawa ba ya zama, ba ya kuma barin gaban baƙo sai baƙon ya girgiza finjalinsa, alamar ya ƙoshi. Baƙo mai kunya ba ya wuce uku. Kuma baƙo ba ya taɓa buta, wannan aikin ɗan gida ne. Ni kullum da dama nake kai hannu, kullum Yaya sai ya ɗalle min bayan hannun ya ce, "Hagu, Auta!" In yi kuka, Baba ya ba ni dabino.

Muka zauna a jere. Sai ga shi ya fito daga bayan rumfa cikin farar jallabiya, ɗamara a ƙugu, finjalai a jere a tafin damansa. Gemu ya yi fari fat. Tafiyar kuwa ta Baba ce sak, har ɗan jan ƙafar nan. Na gyara zama. Ya bi layi yana zubawa, yana ƙwanƙwasa bakin buta da finjali, har ya iso gabana. Na ɗago, na buɗe baki zan ce Yaya. Ya sunkuyar da ido, ya miƙo min finjali ya ce, "Ahlan wa sahlan, Hajiya. Tafaddali."

Hajiya! Ni 'yasu, ni ce Hajiya? Irin marabar da ya yi wa Baturiyar da ke kusa da ni, ita ya yi min, bai ƙara ko wasali ba. 'Yata ta ce, "Kawu, ina wuni," ya amsa mata a takaice yana satar kallon wani mai kula da su da ke tsaye bakin rumfa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tsallako teku, an jijjiga min ƙashi a kan yashi, don a ce min tafaddali?

Na shanye na miƙa masa finjalin, ban girgiza ba. Ya zuba. Na shanye na sake miƙawa. Ya zuba na uku, ya ɗan karkata jiki zai wuce, sai ya ga hannuna a miƙe ƙiƙam. Ya tsaya. Ɗan Baba ne, ba zai iya wucewa ba, na kuwa san da haka. Dole wani abokin aikinsa ya ɗauko wata buta ya ƙarasa sauran layin. Ni kuwa na ci gaba da sha. Gahawar nan ba sukari, ga ɗaci. 'Yata tana zungurina, "Umma, hawan jininki fa." Na ce ta ƙyale ni.

Aka kira mutane hawan raƙumi da ɗaukar hoto, rumfa ta watse, mai kula da su ma ya bi baƙi. Ya rage daga ni sai shi sai 'yata.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Hajiya, khalas. Girgiza mana."

Na ce, "Ba zan girgiza ba."

"Za ki yi ciwo, wallahi."

"In yi! Ai baƙuwa ce ni. In na girgiza ka wuce, kamar yadda ka wuce ni a Makka. To tsaya nan ka yi ta zubawa har jirgi ya tafi ya bar ni."

Ya dubi butar da ke hannunsa. Can ya ce, da Hausarsa mai Larabci a ciki, "Na zo fa. Lokacin iƙamata, takardar zamana, ta mutu. Har shingen bincike na kai, aka juyo da ni. Kunya ta hana ni faɗa miki. Yau ma da na gan ki haka, ke da 'yarki, ni kuma da buta..." Bai ƙarasa ba.

Na ce, "Butar Baba ce abin kunya? Haba Yaya! Da me aka ciyar da mu?"

Ya kalle ni, karo na farko ido cikin ido. Sai kawai ya zube a kan darduma ya zauna, shi da ba a yarda ya zauna ba, ya turo min butar. Ya ce, "To ni na gaji da tsayuwa. Tashi ki zuba min, yalla."

Na miƙe, na kai hannu. Ban ankara ba na ji ɗal a bayan hannuna.

"Hagu, Auta!"

Wayyo Allah. Tsohuwa da ni, da jikoki, na tsaya a tsakiyar sahara ina kuka wiwi kamar ranar da aka fara dukana. Shi ma ya ja gefen rawaninsa yana goge ido, yana cewa har yau ban koya ba. Ya ɗauko dabino ɗaya daga faranti ya sa min a hannu. Na koma hagu, na zuba masa kaɗan yadda aka koya mana, na zuba wa 'yata. Muka yi ta magana muna katse juna: Inna da yadda ta cika, lungunmu da aka rushe, 'ya'yansa da suke jin Hausa amma ba sa iya mayarwa. Yana sha yana miƙo min, ina zubawa. Rana ta yi ja ta kwanta a kan yashi, ba mu ko kalle ta ba, ita da aka kawo mu kallo.

Sai aka fara danna hon. 'Yata ta ce, "Umma, mu kaɗai ake jira." Na ce, "Yaya, girgiza in ajiye butar nan, ka san ba na iya tafiya sai ka girgiza."

Ya ce, "A'a."

Aka sake danna hon. 'Yata ta zare butar daga hannuna ta ajiye a kan darduma, ta ja ni. Ya rako mu har bakin mota, bai ce sai wata rana ba. Da motar ta tashi na juya ta gilashin baya. Yana tsaye a inda muka bar shi cikin farar jallabiyarsa, hannun dama a miƙe, finjali a ciki, bai girgiza ba.