Gadin Takalma a Bakin Ruwan Gishiri

Ƙanin matata ya mayar da ni mai gadin takalma a ranar hutuna, a gaban abokansa, kuma yana dariya ya yi hakan. Na faɗe shi tun farko don kada wani ya ce na tsaya kewaye-kewaye.

Aikina gadi ne a Doha. Wani rukunin gidaje ne a Mesaimeer, ina zaune cikin ɗan akurki na gilashi, in ɗaga sanda mota ta shiga, in sauke, in sake ɗagawa wata ta fita. Na daɗe ina yi, har abokin ɗakina ya ce ko barci nake hannuna na dama yana ɗagawa shi kaɗai. Boko kuwa a tsakiyar sakandare na ajiye, ba na ɓoye wa kowa. Shi ƙanin matar tawa tallafin karatu ya kawo shi, digiri na biyu yake yi. Ni na tarbe shi a filin jirgi, ni na nuna masa shagon da ake samun garin tuwo da kuka a unguwar Muntazah. Da idonsa ya buɗe sai kiran wayarsa ya yi wuya.

Shi ya sa na yi mamaki da ya kira ni wata Talata.

"Yaya, Juma'a za mu je yawon kwale-kwale can wajen Al Khor, ni da 'yan makarantarmu. Da asuba za mu fita, mu dawo kafin masallaci. Ka zo mana."

Ni mutumin Gumel ne. Ruwan da na sani shi ne na rijiya da na kududdufin bayan gari, wanda kafin sanyi ya fita ya ƙafe. Teku kuwa ta tagar bas ɗin kamfani nake hango shi, ban taɓa sa ƙafata cikin jirgin ruwa ba. Na roƙi wani ɗan Yuganda da muke aiki tare ya riƙe mini ranar, ni kuma in riƙe masa tasa. Na kira gida na faɗa. Autata ta ƙwace wayar daga hannun uwarta ta ce, "Baba, ka turo mini hotonka a cikin jirgin, zan nuna wa 'yan ajinmu." Na ce mata ta ɗauka an gama.

Na goge shaddata shuɗiya, na sa hular sallah, na fesa turare. Da na isa inda bas ke jira a Muntazah sai na tarar kowa da gajeren wando da hular hana-sallah. Wani dogo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kawu, ɗaurin aure za a yi a cikin ruwan?"

Na ce, "Na ubanka."

Aka kwashe da dariya, har da ni. A cikin mota na buɗe dambun naman da matata ta aiko mini, wanda nake ci da ƙyar kamar magani don kada ya ƙare, na miƙa shi baya. Robar ta dawo mini kamar an wanke ta. Ban ji haushi ba. Suna waƙoƙin makarantar kwana, ni ina buga kujera, direba ɗan Indiya yana kallonmu ta madubi yana girgiza kai. Rabon da in yi dariya irin wannan har na manta.

Wurin ya ba ni mamaki. Ka bar dogayen benaye da hamada, sai ga kore shar a gabanka, itatuwa gajeru sun tsaya a cikin ruwan gishiri kamar an shuka su da gangan, ruwan kuma ya rarrabu ya shige tsakaninsu lungu-lungu kamar unguwar cikin gari. A bakin gaɓa saiwoyinsu sun fito sama masu tsini kamar ƙusoshi. Na tsaya baki buɗe.

Kwale-kwalen na roba ne, kowanne mutum biyu yake ɗauka. Aka fara raba rigunan ruwa na hana nutsewa, masu launin lemo. A nan ne aka gane dogon nan ya zo da abokinsa wanda ba a san da zuwansa ba, gurbi ɗaya ya kasa. Aka yi cirko-cirko. Ƙanin matata, wanda shi ne shugaban tafiyar, ya juya yana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce baƙon da ba a gayyata ba. Ya wuce dogo. Idonsa ya sauka a kaina.

"Yaya, ai ma ya zo daidai. Dama muna buƙatar wanda zai duba mana kaya. Kai ka saba, ai aikinka ne."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Wani ya ce, "Da wannan shaddar ma ai asara ce ka shiga ruwa, Kawu."

Rigar ruwan da na riga na karɓa ƙanin matata ya zare ta daga hannuna ya miƙa wa baƙon.

Suka tuɓe takalma suka jera su a kan yashi bayan wani tsohon jirgi da aka kife, reras kamar a ƙofar masallaci, masu tsada a gaba, silifa a baya. Tsakanin takalman da ruwa akwai tazara mai kyau, yashi busasshe. Suka shiga suna ihu, suna karo da juna, har suka ɓace a cikin itatuwa.

Na ɗauki jakar abincinsu na hau can sama inda akwai ɗan dutse, na zauna. Na baro gadi a Mesaimeer, na yi wanka da turare, na zo na kama wani gadin a bakin teku. Na tuna autata da 'yan ajinsu. Sai na fara zagi a fili, tunda ba kowa. Na zagi digiri na ɗaya, na zagi na biyu.

"Wane ne ke zagi da Hausa da wannan safiya?"

Na waiga. Wani baƙin mutum ne sa'ana, da farin rawani da rigar kamfanin masu kwale-kwalen, yana ɗauke da galan na mai. Hausarsa wata iri ce, kamar ta kakata, ga Larabci a cakuɗe. Ya ce shi ɗan Sudan ne, kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa zai je Makka, ya tsaya hutawa a hanya, har yau zuriyarsa ba su gama hutawa ba. Na ce ashe maƙwabcina ne. Na ba shi labarin abin da aka yi mini, ban rage komai ba.

Ya ce, "To ni aikina in zagaya da jirgi mai inji, in tsince robobin da mutane ke yarwa, in ciro wanda ya kife. Ni kaɗai ne. Yalla, taso."

"An bar mini kaya."

Ya dubi jakar abincin da ke gefena. "Ɗauko ta mana."

Bai ga takalman ba, tsohon jirgin nan ya kare su. Ni kuma na leƙa na gan su lafiya lau. Na duba sama, babu ko ɗigon hadari. A garinmu ruwa ba ya ƙaruwa sai an yi ruwan sama, ɓarawo kuma babu, sai ƙananan ƙaguwa da ke gudu a karkace. Tunda na fara gadi ban taɓa barin wurin aiki ba. Ran nan na tattare shaddata na ɗaure a ƙugu, na bi shi.

Da na sa ƙafa jirgin ya yi gefe, na rungume mutumin nan kamar na ga ɗan'uwana da ya ɓata. Ya ɗaura mini rigar ruwa a kan shadda, ya ja igiyar inji. Salatin da na yi a farkon tafiyar nan ya ishi mutum guzurin wata guda. Iska ta nemi ɗauke mini hula, na cire na cije ta da haƙori, hannuwana biyu na riƙe da gefen jirgi. Can sai na ji wani yana ƙyaƙyata dariya. Ashe ni ne, hular na bakina.

Muka shiga lungunan. Ya rage gudu, ganye na shafar kafaɗata. Ruwan garai-garai, kana ganin ƙasa, ƙananan kifaye suna tsalle gaba ɗaya kamar an watsa tsaba. Wani zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya yana harararmu, na ce wannan shi ne sufabaizan wurin, irin kallon da namu ke yi mini ke nan. Da muka fito fili sai ga wasu tsuntsaye masu dogon wuya, jaja-jaja kamar an tsoma su cikin ruwan zoɓo, suka tashi tare. Na ce, "Allah mai iko," ban san sau nawa ba.

"Riƙe nan," in ji shi, ya ɗora hannuna kan sandar injin. "In ka tura dama, hagu zai yi."

Na ce wane irin taurin kai ne wannan. Na tura, jirgi ya kama juyi a wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure, shi yana kwance a kan galan yana dariya yana cewa khalas, khalas, wai ya isa haka. A haka ya ɗauke ni hoto da wayata, hula a karkace, haƙora duk a waje. Na tura gida nan take. Kafin mu kai lungu na gaba saƙon murya ya shigo, autata ce tana ihu tana kiran yayyenta su zo su ga Baba yana tuƙa jirgi. Na saurara har sai da mutumin ya haddace.

Muka buɗe jakar 'yan boko muka ci gurasarsu da kaza. Na ce ladan gadi ne.

Muna kan hanyar komawa na hango wani abu yana tahowa a kan ruwa. Silifa ce, ƙafar hagu. Bayanta wata. Bayanta farin kambas, yana tafe a hankali kamar mai unguwa. Na miƙe tsaye har jirgi ya yi tangal-tangal.

"Takalman yaran nan ne. Wa ya zuba su a ruwa?"

"Ina suka ajiye su?"

Na nuna masa. Inda yashi yake ɗazu babu yashi, ruwa ya kai har cikin tsohon jirgin da aka kife.

Na ce, "Amma ba a yi ruwan sama ba."

Ya dube ni, ya dubi takalman, sai ya kashe inji don kada dariya ta sa ya kifar da mu. Da ya samu numfashi ya ce teku haka yake, kullum yana ja da baya ya tafi yawonsa, sannan ya dawo. Na ce yanzu ruwa ne zai tashi da ƙafarsa ya hau tudu, rana tsaka, ba hadari ba komai? Ya ce ga shi kuwa ka gani. Duk cikinmu da muka cika bas, masu digiri da ni mai rabin sakandare, babu wanda wannan ya taɓa faɗo masa a rai. Dukkanmu 'yan tudu ne.

Ya miƙo mini ragar da yake kwasar robobi, muka shiga farautar takalma. Yana tuƙi yana nuna mini, ni ina kai hannu ina kirari. Na kamo silifa, na kamo kambas, wani ya maƙale a reshe sai da na kwanta rub-da-ciki. Na fata kuwa, masu tsadar nan da aka jera a sahun gaba, sun sha ruwa sun nutse. Na ƙanin matata na cikinsu.

A haka ayarin kwale-kwale ya fito daga lungu, duk sun gaji, filafilin tuƙi na faɗuwa daga hannunsu. Suka gan ni tsaye a gaban jirgi mai inji, shadda jiƙe, raga cike da takalma. Dogo ya ce, "Kawu, kifi ne?" Na ɗaga masa kambas ɗinsa. Na ce wa ɗan Sudan ya ƙara wuta, muka wuce su igiyar ruwa na jijjiga su.

A gaɓa na zazzage abin da na kamo. Kowa na tsallen-tsallen kauce wa saiwoyin nan masu tsini, ana neman ƙafar dama da ta hagu. Yawancinsu dariya suke. Wani ya ce ai da sauƙi, masallaci za mu, ko da takalmi sai mun cire. Ƙanin matata ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya tono tarin har ƙasa bai ga nasa ba, ya taho wurina yana ɗingishi.

"Haba Yaya. Amana fa muka bar maka."

Na matse ruwan hulata, na mayar da ita kaina, na dube shi.

Na ce, "Cewa ka yi in zo yawo, ba ka ce in zo aiki ba. Gadi sana'ata ce, ba sunana ba ne, kuma yau ba na kan aiki. Da gurbi ya kasa, ga baƙo tsaye, ga abokinka da ya kawo shi, ka tsallake su ka zaɓi mijin yayarka don ka san shi ba zai yi magana ba. To yau na yi. Jirgi na shiga, har na tuƙa, 'yata ta gani. Takalminka kuma yana ƙarƙashin ruwa, kai ne mai karatu, je ka tambayi teku. In ka sake kirana, ka fara faɗa mini ko Yaya kake nema ko mai gadi."