Yaya Sa'adu da Rijiyar da Ya Ƙi Haƙawa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sa'adu, mai kiwon tarwaɗa a bayan garin Abuja. Ni ce ƙanwarsa, ni ce kuma mai banda kifinsa ina sayarwa a kasuwar Kado, don haka ba wanda ya sha faɗansa kamata.

Da kwamin kifi biyu ya fara, da rijiyar burtsatse guda. Kafin ya bar duniya gonar kifin ta ninka ta sake ninkawa, amma rijiyar tana nan guda ɗaya tak. Ba rowa ba ce. Gonar tana maƙwabtaka da wani ƙauyen Gbagyi, kuma shekarar da wani mai buga bulo ya haƙa tasa mai zurfi, rijiyar ƙauyen ta ja baya. Mama Ladi, wata dattijuwa mai noman doya, ta tako har gona ta ce, "Oga Sa'adu, rijiya namu ya sauka. In kai ma ka haƙa, mun mutu." Tun ranar ya yanke wa kansa hukunci: kifi zai ƙaru, amma ruwan da yake ja daga ƙasa ba zai ƙaru ba.

Ruwan da aka canza wa kifi ba ya barin a sake shi cikin kwata. Sai ya bi ta ramin yashi da gawayi ya koma kwami, wanda ya yi kauri kuma ya tafi lambun alayyahu da ganyen ugu. Ni ma ban tsira ba. Ya hana ni sayen itace, ya gina min rufaffen murhu, ya ce in riƙa ɗebo dusar katako wajen kafintoci. Kai, na yi mita! Na ce, "Yaya, kifi nake sayarwa ko shara nake kwashewa?" Ya ce, "Duka biyun." Kifin ya riƙa fitowa jawur, idona kuma ya huta da hayaƙi.

Yau fa? Dajin da ya sani duk ya zama gidaje, kowane gida da rijiyarsa da janaretonsa. Ina jin masana a rediyo suna cewa dole arzikin yanki ya haɓaka ba tare da ya ƙara shan ruwa da cin daji da fitar da hayaƙi ba. Na san da yana raye zai ƙara muryar rediyon ya gyaɗa kai, sannan ya tambaya, "To wa zai fara haƙura?"

Bana tambayar ta faɗo gidanmu. Wani babban otal ya nemi ɗansa Mubarak, wanda ke riƙe da gonar, ya riƙa kai masa kifi mai yawan gaske. Ba yadda za a yi sai da sabuwar rijiya mai zurfi, ga ƙauyen su Mama Ladi yanzu sai da asuba suke samun ruwan kirki. Mubarak ya zo ya same ni a rumfa. "Goggo, me Baba zai yi?" Na ce, "Babanka ya tafi, kai ne mai gona. Kada ka ɗora wa mamaci." Gaskiya raina yana kwaɗayin cinikin, don ni ma zan samu.

Ya koma ya ce wa otal ɗin ba zai haƙa sabuwar rijiya ba, rabi zai iya bana, sauran sai ya faɗaɗa ramin tace ruwa. Suka ce ba sa jira, suka ba wani.

Allah Ya haskaka kabarin Yaya Sa'adu. Bai bar gida a unguwar masu kuɗi ta Maitama ba, kuma halinsa ba mai sauƙin gado ba ne. Wallahi na ji zafin rasa cinikin nan, har na ƙi ɗaga wayar yaron. Da ya gaji ya zo da kansa, ya durƙusa yana ba ni haƙuri, na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai kuka ya ƙwace min. Na ce, "Tashi, ɗan Sa'adu. Ba ka yi laifin komai ba."